Mabuɗin Ɗakin Babanki

Barunde, Gombe
Ranar Lahadi, bayan azahar

Zuwa ga autata Nafisa,

Assalamu alaikum. Sannu da hanya, sannu da gajiya. Allah ya sa motarku ta sauke ku Ilori lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya haɗa ki da abokan zama na kirki a wannan shekara taki ta bautar ƙasa.

Na san ba wasiƙa kika sa a cikin ambulan ɗin nan ba. Takardun asibitina kika sa, da hoton zuciya da takardar sallama da wadda likita ya rubuta magunguna. Tun ranar Alhamis na gane an taɓa ledar da nake ajiye su, don ni ta hagu nake naɗe ta, na tarar an naɗe ta dama. Na yi shiru ina kallonki kwana uku kina ta yi min ladabin da ban saba gani ba. Yau da kika tafi kitso unguwar Arawa na zazzage jakarki. Dabararki ba ta da wuyar ganewa: ki yi sati uku a sansani, ki kai musu takardun, ki ce uwarki na da ciwon zuciya kuma ba mai kula da ita, ki roƙa a dawo da ke Gombe. To, takardun suna ƙarƙashin katifata. Ba za ki yanke shekararki saboda ni ba, kuma ba za ki fara rayuwarki da zaman gadin tsohuwa ba.

Amma ban ga laifinki ba da kika daina yarda da ni. Lokacin da abin ya faru kina Maiduguri kina jarrabawar ƙarshe, kullum kika bugo waya sai in ce miki lafiya lau, har ranar da aka kira ki aka ce ina gadon asibiti. Abin da aka gaya miki daga baya rabi ne. Sauran rabin ni na hana a faɗa, saboda kunya. Yau zan faɗa miki da kaina, ki karanta ki ga irin wautar da uwarki ta tafka.

Wautar farko ta girmi rasuwar babanki da shekara tara. Ranar da aka ce ina da hawan jini, shi ya karɓi takardar daga hannun likita, ya ninke ya sa a aljihu, ni kuwa ban sake tambaya ba. Kin san halinsa, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar a ma'aikatar gona bai taɓa makara ba. Kullum da safe zai fito daga ɗakinsa da ɗan farantin tangaran mai zanen fure, a kai ƙwaya biyu, fara da 'yar ja, da kofin ruwa. Ya ce, "Hajiya, ga aikinki." Ya tsaya a kaina sai ya ga na haɗiye, wani lokaci har ya ce in buɗe baki ya gani. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye miki ba. Ina ma yi wa mata fariya da shi a gidan biki. Shekara tara ina shan magani ban san sunansa ba, ban san inda ake sayensa ba, ban san me zai faru in na daina ba. Nafisa, in Allah ya ba ki miji mai kula irin babanki, ki gode, ki bar shi ya kula da ke. Amma abin da ya shafi jikinki ki san shi da kanki, ki rubuta, ki ajiye a inda hannunki zai kai.

Ranar Talatar da ya rasu, ya dawo daga masallaci ya shiga ɗakinsa, ni ina ɗora ruwan shayi. Ƙarar faɗuwarsa kawai na ji. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Gida ya cika da mata, ni ina zaune a kan tabarma idona a bushe. Mu a Dukku aka raine mu, kuma kakarki ta dasa mana cewa mace ba ta kukan miji a gaban dangin miji, fulako ke nan, kunyarmu ta Fulani. Sai na ji ana ta cewa, "Kai, Hajiya Adama akwai haƙuri, ko ɗigon hawaye." Wallahi yabon ya shige ni. Duk lokacin da kukan ya taso sai in haɗiye shi da ƙarfi, in ce alhamdu lillahi, a ƙara yabo. Ke da kika iso da yamma kika faɗa jikina kina kuka, na ture ki na ce ki yi mana shiru a gaban mutane. Wannan turewar tana cikin abubuwan da suka fi damuna har yau, ki yafe min. Haƙuri daban, haɗiye kuka daban. Addini bai hana hawaye ba, mu muka hana kanmu.

Bayan sadakar uku kika koma makaranta, yayyenki suka koma wuraren aikinsu. Ranar ce Goggonki Dudu, yayar babanki, ta ja ƙofar ɗakinsa ta sa kwaɗo, ta ɗaure mabuɗin a bakin zaninta. Ta ce, "Amarya, ɗakin nan ya zauna a rufe har a zo rabon gado." Shekara talatin da huɗu ina gidan nan, na haifi shida, amma a bakinta ban wuce Amarya ba. Rufe ɗakin mamaci ba sabon abu ba ne, kowa na yi. Amma ni da ita ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, tun ranar da ta ɗanɗana miyata ta farko ta tambaya ko a garinmu ba a sayar da daddawa. Don haka da na ji ƙarar kwaɗon, abin da na ji shi ne, wannan matar ta ɗauke ni ɓarauniya.

Washegari da safe na zauna ina jiran faranti, sai na tuna mai kawowa ba ya nan, maganin kuma yana cikin ɗakin da aka rufe. Magana ɗaya ce za ta raba ni da wahala: Adda, buɗe min in ɗauki maganina. Na kasa. Na riga na tsara a raina abin da za ta je ta faɗa a unguwarsu ta Malam Inna, cewa ko kwana bakwai ba a yi ba Amarya ta fara neman hanyar shiga ɗaki. Na ce wa kaina ai lafiyata ƙalau, dama babanki ne mai tsananta abu. Ki lura da wannan, Nafisa. Matar ba ta ce komai ba, ni na yi mata magana a cikin kaina, na ba kaina amsa, na yi fushi da amsar. In kina buƙatar abu a wurin mutum ki buɗe baki ki tambaya, ki bar shi ya hana ki da bakinsa.

Cikin sati na biyu jikina ya fara canzawa. Barci ya ƙaurace min, abinci ba ya wucewa. Da hantsi sai in ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji, zuciyata ta yi ta bugawa ba tsari, zufa ta keto min ko da fanka na juyawa. In na ɗebo ruwa daga randa zuwa ɗaki sai na zauna na huta. Wata rana ciwon ya bi ta kafaɗar hagu ya hau har muƙamuƙi.

A daidai lokacin nan Goggonki ta tsiri zuwa kullum. Tun daga Malam Inna za ta hau keke mai ƙafa uku da sassafe, da fulas ɗin kunun gyaɗa a hannu, ta zuba min a kofi ta tsaya sai na sha. Matar da a da sai Sallah take taka gidan nan. Na fara lissafi: in na sha kunu, ba a jimawa ƙirji ya kama. Ban tsaya na tuna cewa lokacin kunun shi ne lokacin da babanki yake fitowa da faranti, ya kunna rediyo, mu zauna a baranda ba. Ban tuna na bar magani ba. Abin da na tuna kawai mabuɗi a bakin zani da maganar daddawa. Na ce shi ke nan, ta rufe ɗaki, yanzu saura ta kawar da mai gidan.

Na koma yi mata dabara. In karɓi kofi in ce ya yi zafi, in ta shiga bayi in juye a gindin lemon tsakar gida. Kullum in je in duba ganyen ko ya fara bushewa, lemo kuwa sai ƙara kore yake. Na ce wataƙila abin ba ya kama itace. Na koma ba kyanwar maƙwabta. Kyanwa ta sha kunu sati biyu, ta yi ɓul-ɓul, har ta fara jirana a bakin ƙofa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce to ba guba ba ce, sammu ne, da sunana aka yi shi, shi ya sa bai kama kyanwa ba. Haka zargi yake, duk abin da ya ƙaryata shi sai ya mayar da shi shaida.

Maman Chika mai kemis ɗin bakin titi, wadda babanki yake sayen magani a wurinta ashe, ta shigo gaisuwa ta same ni ina haki. Ta koma ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura min a hannu. Ta duba, ta sake aunawa, ta ce, "Hajiya, wannan jini ya hau da yawa fa. Alhaji bai zo ya saya magani ba tun da ya rasu, wa yana saya maki? Ki tafi asibiti yau yau, ba gobe ba." Na yi mata godiya. Tana fita na ce wannan kuma ciniki take nema, ta rasa mai saye ɗaya tana son ta mayar da gurbinsa. Matar nan ta san sunan fara da 'yar ja, da na tambaye ta da ta miƙo min su a take. Asibiti kuwa na ce ina takaba, ba zan fita ba. Ba wani malami da ya ce min mai takaba ba ta zuwa asibiti, na ma san an yarda a fita don lalura. Tsoron bakin unguwa ne kawai, kada a ce an ga matar Alhaji a titi ko arba'in ba a yi ba.

Ranar sadakar arba'in na yi abin da ya fi kowanne muni. Mata sun cika falo, Goggonki ta miƙo min kofi kamar kullum. Ƙirjina na ciwo, kaina na sarawa, sai na ji bakina ya ce, "Adda, ki sha da kanki. Na gaji da shan abin da ban san me aka zuba a ciki ba." Ta dube ni ta daɗe. Ta ɗaga kofin ta shanye, ta buɗe fulas ta sake cikawa ta shanye, ta juye ragowar ta shanye, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu. Ta rufe fulas ɗinta, ta yafa mayafi ta fita. Nafisa, duk abin da zuciyarki ta raya miki game da mutum, kada ki furta shi a gaban jama'a ranar da jikinki ba daɗi. Maganar da na yi a falon nan, har gobe akwai matan da suke tuna ta in sun gan ni.

Na ɗauka ba za ta sake zuwa ba. Washegari sai ga ta, ba fulas, ta shimfiɗa sallaya a baranda ta zauna tana jan carbi har azahar, ta tafi. Haka ta yi kwana goma, ba ta yi min magana, ba na yi mata. Ni kuma ina leƙenta ta labule ina cewa me kuma take ƙullawa.

Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, ina shanya na ji numfashina ya tsaya a wuya. Na dafa igiya, igiya ta tsinke, na zube. Ita ta ɗago ni. Ta fita titi ba takalmi ta taro keke. Ina cewa, "Adda, takaba nake," ta ce, "Rufe min baki, Amarya. Kya ƙarasa takabar a asibiti. Na binne ƙanena, ba zan binne matarsa a wata biyu ba."

Kwana shida na yi a can. Likitan zuciyar, wata mata mai magana a hankali, ta zauna a bakin gadona ta tambaye ni abin da ya faru a watannin nan. Da na ce mijina ya rasu sai ta gyaɗa kai, ta ce ta sha ganin irina. Ta ce baƙin ciki ba a rai kaɗai yake tsayawa ba. In mutum ya yi babban rashi, jikinsa yana zama cikin firgici dare da rana, jini ya hau, zuciya ta yi ta gudu ba hutu, har tsokarta ta iya yin rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata. Ta ce watannin farko bayan rasuwar miji ko mata su ne mafi haɗari, musamman ga mai hawan jini, balle a haɗa da rashin barci da rashin ci da barin magani. Ta ce nawa an tare shi da sauran dama, zuciyar za ta iya farfaɗowa, amma da na ƙara kwanaki a gida da wani zancen ake yi. Sannan ta ce, "Hajiya, wane magani kike sha?"

Na ce, "Fara da 'yar ja."

Ta ce, "Suna ina?"

Goggonki tana zaune a kan kujerar roba a gefe. Da ƙyar na ce suna ɗakin Alhaji.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza irin haka ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro mabuɗin ta ajiye a kan cinyata. Ta ce, "Kwana kusan hamsin abin nan yana jikina, kullum ina gidanki, ki kasa cewa in buɗe? Ke kin ɗauka don ke na rufe? Hularsa ce a rataye a jikin ƙusa, in na wuce ina ganinta, na kasa jurewa. Ni na goya yaron nan, Amarya. Gidanki nake zuwa don nan ne kaɗai nake jin ƙanshinsa." Sai ta fashe da kuka. Ni ma a nan nawa ya ɓalle, na kwana hamsin, a gaban likita da masu jinya da dangin miji, ba fulako ba komai. Likitar ba ta hana mu ba, ta ja labule ta ba mu wuri.

Da aka sallame ni, mu biyu muka buɗe ɗakin. Hular tana nan a ƙusa. A kan teburinsa ga ɗan farantin tangaran, ƙura ta rufe shi, a kai ƙwaya biyu, fara da 'yar ja, kofin ruwan ya bushe. Ashe ya riga ya zuba min na ranar, yana shirin fitowa da shi ya faɗi. Aikin ƙarshe da babanki ya yi a duniya ke nan, ni kuma na bar shi a bayan kwaɗo saboda girman kai da zargi.

Tun da kika gama makaranta kika dawo, ke kika gaji farantin. Kusan shekara guda kina tsaya min a kai kamar shi, har da cewa in buɗe baki. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma na lura ina neman komawa gidan jiya, na sake samun wanda zan jingina da shi in daina sanin komai. Shi ya sa yau da safe da kika je ɗauko farantin kika tarar da shi a wanke a kife. Na ga irin kallon da kika yi min, kallon nan nawa ne, a wurina kika gaje shi. Ba zubarwa na yi ba. Ni na zuba, ni na sha, da hannuna. Sati uku ke nan Maman Chika tana koya min sunayensu, na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar firij, har na uku da likita ta ƙara. Na san ranar komawa asibiti. Na san in ƙirji ya danne ko numfashi ya yi wuya ba jira ake yi ba, ba kuma kyanwa ake nema ba.

In kin bugo na ce lafiya lau, ba sai kin yarda ba, na ɓata wannan kalmar da kaina. Ki kira Goggonki ki tambaye ta, ita ba ta iya rufa min asiri ba ko da kuɗi. Jiya na ba ta mabuɗin ƙofar gidan nan, ta ɗaure a bakin zaninta inda wancan ya zauna. Ta ce daga ranar da kika tafi za ta dawo da kununta, kuma in na sake ba kyanwa sai ta ji dalili. Ban san wa ya gaya mata maganar kyanwar ba, amma ina zargin Maman Chika.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsaya min a rai. Tun ranar da na ture ki ban sake ganin hawayenki ba. Kina wuce ɗakin babanki da sauri, in an ambace shi sai ki tashi ki ce za ki duba tukunya, ko ba komai a wuta. Sau biyu na gan ki kin dafe ƙirji kina ajiyar zuciya, kina ganina kika sauke hannu. Ni ba a yi min wannan wasan, ni na ƙirƙiro shi. Ina zargin jinyata kika mayar wurin ɓuya, kuma dawowar da kike shiryawa ba don ni kaɗai ba ce, kina tsoron ranar da za ki zauna ba abin yi sai tuna shi. Ki zauna ɗin, Nafisa. Ki samu ƙawa mai hankali a can ki ba ta labarin babanki, ki ci abinci, ki yi barci, in jikinki ya yi miki wani iri ki je a duba ki, kada ki ce ƙuruciya za ta tsare ki. Ki duba ƙasan jakarki, cikin farin ɗankwali. Hularsa ce ta jikin ƙusa, na roƙi yayyenki suka bar miki, ban wanke ta ba. Ki rufe ƙofa ki yi kukan da na hana ki, ba mai ture ki yanzu.

Allah ya jiƙan babanki, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, ya kare ki daga ciwo da mugun ji da mugun gani, ya ba ki ikon gama shekararki cif, ya dawo min da ke lafiya ki same ni a baranda ni da Goggonki muna faɗa a kan daddawa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Adama